Yadda ake auna ƙwarewar likitan tiyata kafin ya taɓa majinyaci

Daga garin Tambuwal zuwa birnin Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe kuwa ta fi haka. Ga matar da naƙuda ta yi wa gardama, ko yaron da taifot ta huda wa hanji, wannan tazara tana iya raba rai da mutuwa.

A shekarar 2015 wani kwamitin ƙwararru da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ce mutane biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata mai inganci a kan kari. Kwamitin ya ce ya kamata asibitin da ke kusa da jama'a ya iya abubuwa uku: ciro jariri ta hanyar tiyata, buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya fito waje.

Tambayar ita ce, ta yaya ake tabbatar da cewa hannun likitan da zai yi wannan aiki ya faɗa?

Tsohon tsari

A Nijeriya, likita mai neman ƙwarewa kan tiyata yana shafe shekaru biyar zuwa shida a asibitin da aka amince da shi, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Hukumomi biyu ne ke yi masa jarrabawa: Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Akwai jarrabawar share fage, sai kashi na ɗaya, sai na biyu. Likitan yana kuma riƙe da littafin da ake rubuta duk tiyatar da ya yi ko ya taimaka aka yi.

Tsarin ya samo asali ne daga William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19: ɗalibi ya kalli malaminsa, ya taya shi, sannan a bar masa wuƙa.

Rauninsa a fili yake. Littafin yana faɗin sau nawa likita ya yi aiki, amma ba ya faɗin yadda ya yi shi. Jarrabawar baka kuma tana auna abin da ke cikin kai ne, ba abin da yatsu suka iya ba.

Kwaikwayon tiyata

Gwada hannu a kan wani abu kafin jikin ɗan Adam ba sabon al'amari ba ne. Tsohon littafin Sushruta na Indiya ya umurci ɗalibai su koyi yanka a kan kankana da kokwamba, ɗinki kuma a kan tufa da fata. Abin da zamani ya ƙara shi ne ba da maki.

A 1997 malamai a Jami'ar Toronto ta Kanada suka wallafa wani tsari da ake kira OSATS. Ana jera tebura, kowanne da aikinsa: a nan ɗinke fata, a can haɗa hanji biyu, a gaba tsayar da jini. Likita yana da ƙayyadadden lokaci a kowane tebur, wani babban likita kuma yana tsaye yana kallo da takardu biyu a hannu.

Takarda ta farko jerin matakai ce, ya yi ko bai yi ba. Ta biyu tana ba da maki daga 1 zuwa 5 a kan abubuwa kamar tausaya wa nama, riƙon kayan aiki, rashin ɓarnar motsi, da iya sarrafa mataimaki.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa takarda ta biyu ta fi iya bambanta gwani da ɗan koyo. Dalili kuwa shi ne gwani yakan tsallake wasu matakai, ko ya haɗe su wuri guda, sai jerin matakai ya rage masa maki alhali aikinsa ya fi kyau.

A fannin tiyatar da ake yi da kyamara ta ƙananan ƙofofi, an fito da wata jarrabawa mai suna FLS a Amurka a 2004. Ayyuka biyar ne a cikin akwati, ciki har da yanke da'ira a jikin bandeji da ƙulla zare ba tare da hannu ya shiga ba. Daga 2009 hukumar likitocin tiyata ta ƙasar ta wajabta cin ta.

Shin makin akwati yana bin likita har ɗakin tiyata? Wani bincike na Jami'ar Yale a 2002 ya raba likitoci 16 gida biyu. Waɗanda suka yi atisaye a kan kwamfuta sun fi sauran sauri da kashi 29 cikin ɗari wajen ɓanɓare matsarmama daga hanta, kuskurensu kuma ya ragu sosai. Adadin mutanen kaɗan ne, amma binciken ya yi tasiri ƙwarai.

A ƙasa irin Sakkwato

Na'urorin kwamfuta na irin wannan atisaye suna da tsada, suna kuma bukatar wutar lantarki tsayayya da mai gyara. Sai dai mafi yawan abin da asibitocin Tambuwal da Kebbe ke bukata ba ya neman su.

Hanjin rago ko na saniya daga mahauta ya isa koyon haɗa hanji. Soso da roba suna tsayawa a madadin fata. Ana iya haɗa akwatin atisaye da kwali da kyamarar wayar salula. A ƙasashen Turai ana yawan amfani da ƙafar alade, abin da ba zai karɓu a nan ba, kuma babu bukatarsa a yankin da ke da arzikin dabbobi.

Abin da ya fi wuya shi ne mai ba da maki. Dole a horar da manyan likitoci su riƙa auna aiki da ma'auni ɗaya, su kuma samu lokacin tsayawa, a daidai lokacin da ficewar likitoci zuwa Birtaniya da Saudiyya ta rage yawansu.

Akwai kuma abin da tebur ba ya aunawa. Hanjin rago ba ya zubar da jini, kuma ba ya nuna ko likita ya san lokacin da ya kamata ya buɗe ciki da lokacin da ya kamata ya tura majinyaci Sakkwato. Wannan ya sa ko a ƙasashen da suka wajabta jarrabawar akwati, babban likita yana ci gaba da tsayawa a kan ɗalibinsa a ɗakin tiyata yana ba shi maki a kan aikin gaske.