Wa Ke Da Littafin Kifi? Tarihin Ƙidayar Su a Tafkin Kainji

Mutumin Dakoro ya fi sanin kifi a matsayin banda. A kwali yake zuwa kasuwa, ya yi baƙi da hayaƙi, bayan ya ratsa ɗaruruwan kilomita daga ruwan da mai sayen bai taɓa gani ba. Amma akwai abin da makiyayin Tarka da masuncin Yawuri suka yi tarayya a kai: dukansu sun gaji tsoron mai ƙirga. Tun zamanin jangali, wanda ya zo da alƙalami yana tambayar yawan shanu, an san haraji ne ke biye da shi. Wannan tsoro, tare da wata gardama ta iko tsakanin hukumomi, su ne suka sa aka daɗe kafin a san yawan kifin da ake kamawa a Tafkin Kainji na Nijeriya.

An kammala madatsar Kainji a kan kogin Kwara a shekarar 1968. Ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsohon garin Busa da tsibiran Gungawa, aka tayar da mutane wajen 44,000. Ruwan bai gama kwantawa ba masunta suka fara kwararowa, Sarkawa da Hausawa da Nufawa, har da waɗanda suka gangaro daga Nijar da Mali. Shekarun farko na yalwa ne, domin ciyawa da itatuwan da ruwa ya rufe sun zama abinci da maɓoya ga kifi. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya yi ƙasa ƙwarai.

A nan ne tambayar ta taso: wa ke da alhakin sanin abin da ke faruwa? Gwamnatin tarayya ita ke da masana. Tun 1968 ta kafa aikin binciken tafkin a Sabuwar Busa tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, aikin da ya zama cibiya a 1975, sannan a 1987 ya koma cibiyar ƙasa ta binciken kifin ruwan daɗi, wadda ake kira NIFFR. Sai dai tsarin mulkin Nijeriya ya ba tarayya iko ne a kan kifin teku. Kifin koguna da tafkuna da tabkunan cikin ƙasa al'amarin jihohi ne, kuma haka abin yake a tsarin mulkin 1999. Ke nan mai ma'auni ba shi da hurumin hana kowa jefa taru, mai hurumin kuma ba shi da ma'auni, wani lokaci ko jirgin zagaya ruwan ba shi da shi.

Ƙari a kan haka, jihohin ba su tsaya wuri ɗaya ba. Lokacin da tafkin ya cika, gaɓar gabas tana jihar Arewa maso Yamma, ta yamma tana jihar Kwara. A 1976 aka raba ta farkon gida biyu, Sakkwato da Neja, sai tafki ɗaya ya zama na jihohi uku. A 1991 aka ƙirƙiro Kabi, Yawuri ta faɗa cikinta, Bargu kuma ta bar Kwara ta koma Neja. Duk rabon jiha rabon ma'aikata ne da takardu. Kifi kuwa bai san an yi ba, haka ma masuncin da ke kwana a wannan gaɓa ya sayar a waccan. Dokar soja ta 1992 kan su a ruwan cikin ƙasa ta yi ƙoƙarin daidaita ƙa'idoji, amma aiwatarwa ta rage a hannun jihohi.

Sauyin gaskiya ya zo ne a 1993, da aka fara aikin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus don bunƙasa su a tafkin, da tallafin hukumar GTZ. Abin da ya bambanta shi shi ne ya zaunar da cibiyar tarayya da sassan kifi na jihohin Neja da Kabi a kan hanyar ƙirga guda ɗaya. Hanyar tana da ƙafa biyu. Sau ɗaya a shekara ana zagaya tafkin tunga bayan tunga, a ƙirga masunta da yaransu da jirage da injuna da kayan su: kalli, birgi, mamari, gura da dala. Sannan kowane wata, a wasu zaɓaɓɓun mashigai, ana auna abin da jirage suka sauke, a rarrabe shi iri iri, giwan ruwa dabam, karfasa dabam, kurungu dabam. Idan an san abin da kalli ɗaya ke kamawa a yini, an kuma san yawan kalli a tafkin, lissafin sauran ba wuya. Wuyar tana wajen samun gaskiyar lamba ta biyun, domin masunci na iya ɓoye taru kamar yadda makiyayi ke kora maruƙa bayan tudu.

A ganina, nan ne aikin ya yi wayo. Bai ɗauki maganar a matsayin ta gwamnatoci biyu kawai ba. Ya shigo da masarautun da ke bakin tafkin da sarakunan ruwa, waɗanda tun kafin Turawa su ke faɗin ranar shiga ruwa da ranar fita. Sarkin ruwa ya san kowane jirgi a tungarsa, kuma ba a yi masa ƙarya cikin sauƙi.

Alƙaluman da suka fito sun nuna abin da tsofaffin masunta suka daɗe suna ƙorafi a kai. Dala, wato babban tarun nan mai ƙananan idanu da ake ja zuwa gaɓa don kama warangi, tana kwaso ƴaƴan manyan kifaye masu ɗimbin yawa tun ba su kai ko'ina ba. A kan wannan hujja jihohin biyu suka daidaita dokokinsu, aka shigo da lasin su, aka kuma haramta dala wajen ƙarshen shekarun 1990. Masu dala ba su ji daɗi ba, kuma suna da tasu hujjar: jarinsu ne, bakuna da yawa na ci daga gare ta. Amma a karo na farko gardamar ta gudana a kan lambobin da tarayya da jihohi suka sa wa hannu tare.

Raunin tsarin shi ne kuɗin man jirgi da alawus na masu awo sun dogara ƙwarai ga baƙo, kuma tallafin Jamus ya ƙare a farkon shekarun 2000.

Nijar ba tarayya ba ce, don haka wani zai ce wannan labari bai shafe mu ba. Amma da zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 mu ma mun samu iko hawa biyu a bakin ruwa ɗaya. A tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, akwai ma'aikacin gandun daji da ke wakiltar gwamnati, akwai ƙaramar hukuma da ke son harajin kasuwar kifi, akwai kuma masunta da shugabanninsu, kowa da lissafinsa na abin da ruwan ke bayarwa a shekara.