Mahaukaci a Dandalin Wasa: Daga Borin Zarewa Zuwa Wasan Kwaikwayon Zamani

Tun kafin a gina asibitin ƙwaƙwalwa ko ɗaya a ƙasar Hausa, ciwon hauka yana da wurin da ake fito da shi bainar jama'a, da kiɗa da sutura da 'yan kallo. Wurin shi ne dandalin bori. Yammacin ƙasar Kano, inda Karaye da Rogo suke a yankin da ya yi iyaka da Katsina da Zazzau, yana cikin wuraren da wannan al'ada ta daɗe, domin a nan gidajen Maguzawa suka yi maƙwabtaka da garuruwan Musulmi shekaru aru-aru, suna cin kasuwa ɗaya, suna kuma neman magani a hannun juna.

Yankin ya yi sa'ar samun shaida a rubuce. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta tashi ne a ƙauyen Karo kusa da Zarewa, garin da yake cikin ƙaramar hukumar Rogo a yau. A 1949 da 1950 ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa, aka buga shi a littafi a 1954, bayan rasuwarta. Tare da labarin aure da harin bayi da zuwan Turawa, ta yi bayanin bori da sunayen iskoki da yadda mata ke komawa gare su idan ciwo ya gagara. Ta kawo shi ne a matsayin abin da kowa ya sani, kamar suna ko biki.

A fahimtar mutanen wancan lokaci, wanda ya taɓu ko dai gamo ya yi da iska a bakin rafi, ko a gindin tsamiya, ko a kan juji da tsakar rana, ko kuma sammu aka yi masa, ko dai jarrabawa ce daga Allah. Magani ma hawa-hawa ne. A fara da rubutun sha da tofin malam, a je ga turare da saƙe-saƙin boka. Wanda yake duka ko yake neman shiga daji, a sa shi a turu, wato gungumen icen da ake soka ƙafarsa a ciki. Idan aka tabbatar cewa iska ce ta kama mutum kuma ta ƙi saki, sai a kai shi girka.

Ƙa'idar bori ita ce iskar da ta sa ciwo ita ke riƙe da maganinsa. Saboda haka ba a korar ta, sulhu ake yi da ita. A killace mara lafiya na kwanaki, a ba shi magunguna, a koya masa yadda zai ɗauki iskar ba tare da ta kayar da shi ba, har ya zama dokinta, ko godiyarta idan mace ce. Ranar wasa, mai garaya ko mai goge yana kaɗa taken kowace iska, 'yan buta suna amshi, ita kuma tana zuwa da halinta da kayanta. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da tasbaha. Ɗan Galadima ɗan sarauta ne mai ado da kyauta da caca. Kuturu yana zuwa da yatsu a dunƙule. Inna, wadda ake danganta shanyewar gaɓoɓi da ita, tana da nata salon. Shi kuwa Sarkin Rafi, shi ne aka fi sani da hauka: dokinsa yana tsalle ya faɗo da ƙarfi a zaune, yana fisge-fisge, jama'a suna ja da baya. Idan iska za ta sauka, sai doki ya yi atishawa ya dawo hayyacinsa.

Masu nazarin wasan kwaikwayo, irin su Andrew Horn da ya yi rubutu a kan bori a 1981, sun yi muhawara a kan ko wannan wasa ne ko ibada ce. Su dai 'yan bori ba su ɗauke shi kwaikwayo ba, malaman Musulunci kuma sun hukunta shi da shirka tun da daɗewa. Ba kuma kowa girka ta warkar ba. Da yawa sun ƙare a turu bayan dangi sun sayar da awaki da hatsi. Amma akwai abu ɗaya da tarihin dandali ba zai tsallake ba. A bori, wanda ciwon ya taɓa shi ne a tsakiyar fili, shi ake kaɗa wa, shi ake yi wa kari, kuma gari yana ganin fitarsa daga ciwo zuwa wani matsayi da ake shakka.

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya raba bori da fada, Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru don jan matan karkara zuwa ga ilimin addini. Da Turawa suka ci Kano a 1903, su ma suka takura masa. Abin da suka zo da shi a madadinsa kuwa kulle ne. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, a Yaba a 1907, aka kafa dokar tsare su a 1916, wadda aka sabunta a 1958. A Arewa, mahaukacin da ya fitini gari sau da yawa gidan yarin En'e ake kai shi. Sai a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani, har da sa hannun masu maganin gargajiya.

A zamanin mulkin Turawan nan wani reshe na bori ya ɗauki hanyar da ta kai shi har dandalin Turai. Wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, wasu sababbin iskoki suka bayyana, ana kiran su Hauka. Iskokin Turawan mulki ne da sojojinsu: Gwamna, Kofur, Kumandan Mugu. Waɗanda iskokin suka hau kansu suna fareti, suna sara wa juna, suna ba da oda da tsawa. Hukumar Faransa ta gane cewa ita ake nunawa, ta kama su ta kulle a Yamai. 'Yan ci-rani suka tafi da al'adar Gwalkwas, Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki bikinsu a fim ɗin Les Maîtres fous, wanda ya fito a 1955. Fim ne mai tayar da hankali, da kumfar baki da jini da yankan kare. Turawan Ingila suka hana nuna shi a can, ɗaliban Afirka a Faris suka ce ya zubar da mutuncin baƙar fata. A ƙarshensa an nuna wasu daga cikin mutanen washegari, garau, suna aikin haƙa a gaban asibitin mahaukata na Akkra.

Wannan fim ya yi tasiri a kan Jean Genet lokacin da ya rubuta wasansa Les Nègres, Peter Brook kuma ya yi amfani da shi wajen horar da 'yan wasan Marat/Sade a Landan a 1964. Wasan, na Peter Weiss ne, an gina shi a kan mazauna gidan mahaukata na Charenton suna kwaikwayon juyin juya halin Faransa. Tushen wannan salo shi ne Antonin Artaud, wanda ya nemi wasan da zai girgiza ɗan kallo ya hana shi zama lafiya a kujera, shi kansa kuma ya shafe kusan shekara tara a gidajen mahaukata. Salon ya kai maƙura a 4.48 Psychosis na Sarah Kane, da aka fara nunawa a 2000, shekara ɗaya bayan ta kashe kanta. Babu sunan ɗan wasa a cikinsa, babu labari mai farko da ƙarshe, sai muryar mai ciwon damuwa da jerin magungunan da likitoci suka ba ta. A Najeriya, Wole Soyinka ya yi Madmen and Specialists a 1970, bayan yaƙin basasa, inda naƙasassun yaƙi da likitan da ya koma jami'in leƙen asiri suka sa mai kallo tambayar wane ne mai hankali a ƙasar.

Rubutaccen wasan Hausa bai bi wannan hanya ba. Daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau zuwa Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada, abin da aka fi damuwa da shi shi ne tsafta da aure da shari'a da tarbiyya. Ba wai al'adar ta rasa ƙarfin halin tunkarar manya ba ne. Tashe yana tsokanar gwauro da malami, 'yan kama suna juya wa'azi ya koma zancen tuwo, wawan sarki yana faɗin abin da hakimi ba zai iya faɗa ba, Malam Aminu Kano kuma ya yi amfani da wasa wajen sukar zaluncin masu mulki. Ciwon ƙwaƙwalwa ne dai ba a ba shi wannan kulawa ba.

Da finafinan bidiyo suka kankama a Kano daga Turmin Danya a 1990, mahaukaci ya samu fitowa da yawa, amma kusan kullum da kama ɗaya: tsumma, gashi a cukurkuɗe, gwangwanaye a wuya, yara suna bin sa da jifa. Aikinsa ko dai ya ba da dariya, ko ya zama sakayya ga kishiyar da asirinta ya koma kanta. Waraka kuwa ta minti biyu ce, a yi ruƙiyya, aljani ya yi ihu ya fita, salon da ya yaɗu a Kano tun tsakiyar shekarun 1990. Da wuya a ga mai jegon da ta daina barci ta ƙi jaririnta, ko magidancin da ya daina fita gona ya yi shiru wata da watanni, ko saurayin da yake shan maganin asibiti yana sana'arsa lafiya. Waɗannan kuwa su ne suka fi yawa a gidaje. Kuskure ne mai tsada, domin dangin da suka saba da hoton mai gwangwani ba sa gane ciwo sai ya yi nisa.

Jama'a kansu sun riga fim yin gaba. A binciken da likitoci a Kano suka wallafa a 2004, bayan tambayar mutum 250 a ƙauyen Karfi, kusan kashi 34 cikin ɗari sun ɗora taɓin hankali a kan shaye-shaye, kusan kashi 19 a kan ikon Allah ko fushinsa, kashi 18 a kan sihiri ko iskoki. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya nuna matasa a ɗaure da sarƙa a Kano. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, aka kuma samu irinsa a Daura. Turu bai tafi ba, sarƙa ce ta gaje shi. Dokar 1958 ta ci gaba da aiki har Janairun 2023, lokacin da aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Iyalin da ke Zarewa ko Karaye, idan ciwo ya tsananta, har yanzu sai sun nemi kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Barnawa a Kaduna.

Kayan aikin yin wasan da zai tunkari wannan matsala suna nan kusa. Tun 1975 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Michael Etherton sannan daga baya Oga Steve Abah da abokan aikinsa, ya fara kai wasa Samaru da Soba da Maska da Bomo. Ɗalibai suna zama da mutanen gari su ji damuwarsu, a gina wasa da Hausa a kanta, a yi shi a fili, a tsaya a tsakiya a tambayi 'yan kallo mafita. An yi haka a kan taki da filin noma da tsafta. Ya kamata masu wasa da likitocin Kano su kai wannan tsari ƙofar fadar Karaye da kasuwar Rogo, su gina shi a kan bayanin waɗanda suka yi ciwon suka samu sauƙi da na iyayen da suka yi jinyarsu, da yardarsu, kuma a bar su su yi magana da bakinsu.