Duwatsun da suka baro wurinsu

Yau za mu ɗan bar tarihin sarakuna mu taɓa wanda ya girme shi. Mu mutanen Hawandawaki cikin rairayi muka tashi, dutse baƙo ne gare mu. Amma waɗanda neman abinci ya kai Adar, ko Malbaza inda ake yin siminti, sun ga farin dutse birjik. Wanda ya duba da kyau zai ga katantanwa da ƙumba sun daskare a cikinsa, wani lokaci har haƙorin kifi.

Teku ne ya bar su. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, ruwan gishiri ya malalo daga arewa ya rufe ƙasar Tawa har Sakkwato. Ɓawon halittun da suka mutu ya taru a ƙasan ruwa, hawa bisa hawa, ya zama dutse. Shi ne na Malbaza, shi ne kuma na Kalambaina kusa da Sakkwato, iyaka ba ta raba su ba.

To, da yawa daga cikin wannan shimfiɗa ta tafi. A kwarin Majiya da na Keita, ruwan damina yana cin yumɓun da ke ƙarƙashi, sai dutsen sama ya rasa madogara, ya tsage, ya gangaro. Masana ba su raina irin wannan ɓallallen dutse. Yadda ake gane Bagobiri da askarsa ko a kasuwar Kano, haka suke gane asalinsa, don kowane hawa da irin halittunsa. Sai su gwada shi da tudun da ya rage tsaye, su san daga wane hawa ya faɗo, da kuma cewa tudu biyu da kwari ya raba da can abu guda ne. Bafaranshe Jacques Greigert ya buga babban aikinsa kan duwatsun wannan yanki a 1966. A Nijeriya kuma Kogbe, malami a jami'ar Zariya, ya yi na ɓangaren Sakkwato a shekarun 1970.

Siminti dai muna so, ba mu musu. Sai dai duk dutsen da ya shiga injin niƙa, shaidarsa ta tafi ke nan. Saboda haka muna roƙon masu zuwa gida bikin Salla, in kun tsinci mai katantanwa ku riƙo ma lakwal guda, yara su taɓa da hannunsu. Ku rubuta sunan garin da kuka ɗauke shi, da ko bisa tudu ne ko cikin kwari.