Mujallun Nazarin Hausa a Jami'o'i

Mujallun nazarin Hausa su ne littattafan da sassan koyar da harsunan Nijeriya ke fitarwa lokaci-lokaci, ɗauke da maƙalun malamai da na ɗalibai masu neman babban digiri kan harshe da adabi da al'ada. Ba a buga maƙala sai wani masani ya duba ta ya amince.

Uwarsu ita ce Harsunan Nijeriya, wadda ta fara fitowa a Kano a 1971. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ce ta haife ta. An kafa cibiyar a 1969 a Kwalejin Abdullahi Bayero, lokacin kwalejin tana reshen Jami'ar Ahmadu Bello, kafin ta tsaya da ƙafarta ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Aikin cibiyar ya shafi Hausa da Fulatanci da Barbarci, kuma a cikinta masana irin su Paul Newman da Ɗandatti Abdulƙadir da Ibrahim Yaro Yahaya suka yi aiki. Mujallar ta riƙa ɗaukar maƙalu da Turanci da kuma Hausa, kuma wannan na biyun shi ne abin lura. Kafin zamanin, yawancin abin da aka rubuta a kan nahawun Hausa da Turanci ne ko Jamusanci. Sai ga masu nazari suna feɗe waƙa da jimla cikin harshen uwa, dole ta sa su daidaita kalmomin aiki: jigo, salo, zubi da tsari, tsarin sauti, ginin jimla. Yau ɗan sakandare ma ya san su, har ya ɗauka tun fil azal haka suke. A 1990 aka tattara irin waɗannan keɓaɓɓun kalmomi a littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace.

Daga baya wasu jami'o'i suka fito da nasu. Zariya na da Harshe, sashen Bayero na da Algaita, Sakkwato kuma Ɗunɗaye, sunan ƙauyen da mazaunin jami'ar yake. A Katsina, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006, tana fitar da Himma.

Ga ɗalibi, hanyar takan faro ne daga kundin kammala karatu. Ɗan Batsari ko Safana da ke karatu a Katsina, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ba ya rasa abin nazari a gida: akwai karin harshen Katsinanci, akwai tarihin Ruma da jaruminta Ɗanwaire, ga zaman Hausawa da Fulani a gefen dajin Rugu. Sai dai matsalar tsaro ta shekarun nan ta sa shiga ƙauye da rakoda ya zama kasada. Kundin da aka kammala kuwa, galibi a kantar laburaren sashe yake ƙarewa yana shan ƙura. Wanda ya dace da malami mai kula ne ake taya shi tsamo babi guda, a gyara shi ya zama maƙala, sau da yawa da sunan su biyun.

Kuɗin ɗab'i ya daɗe yana jinkirta fitowar mujallun, shi ya sa da yawansu ke karɓar kuɗi daga marubuci kafin su buga. Sababbin da suka biyo baya, irin su Tasambo ta Sakkwato, a intanet ake karanta su.