Yadda Tabarau Ya Saba da Ruwa

Duk wanda ya yini a kwalekwale ya san rana biyu ce ke dukansa: ta sama, da wadda ruwa ke maido masa daga ƙasa. Malafa tana maganin ta farko. Ta biyun ce ta daɗe tana gagarar mutane, kuma tabaran da matuƙan jiragen ruwa da masu nutso ke sawa yau an harhaɗo shi ne da kaɗan-kaɗan, akasari daga hannun mutanen da teku ba ta cikin lissafinsu.

Mutanen Venis ta Italiya, waɗanda titunansu ruwa ne, su dai don ruwan suka yi nasu. A ƙarni na 18 maƙeran gilashi na tsibirin Murano suna yin koren gilashi da masu hali ke riƙewa gaban fuska idan sun shiga kwalekwale. Yana rage haske, ba shakka, amma komai yake ragewa baki ɗaya: ƙyallin da ke kashe ido da abin da ake son gani duk su dushe tare. Abin da ake nema shi ne gilashin da zai tsame ƙyallin ya bar sauran.

Bakin zaren ya fito daga Faris a 1808. Wani injiniyan soja, Étienne-Louis Malus, yana kallon hasken faɗuwar rana a tagogin fadar Luxembourg ta cikin wani dutse mai garai-garai, sai ya lura idan ya juya dutsen hasken yana ƙaruwa yana raguwa. Ashe hasken da ya daki abu mai santsi ya dawo ba kamar sauran haske yake ba. Na rana yana kaɗawa ta kowace fuska, wanda ya taso daga kan ruwa kuwa yawancinsa a kwance yake zuwa. Idan aka samu matacin da ba ya barin komai ya wuce sai na tsaye, ƙyallin zai tsaya a waje, tamkar mai ɗauke da gora a gicciye yana son shiga ƙofar zaure. David Brewster na Sukotlan ya auna abin daga baya: a kan ruwa ya fi cika idan rana ta ɗaga kimanin digiri 37 daga ƙasa. Shi ya sa tabarau mai irin wannan mataci ya fi nuna bajintarsa da hantsi da la'asar.

Sanin hanya daban, samun mataci daban. A 1852 wani likita a Biristol, William Herapath, ya gano wasu 'yan ƙwayoyi masu wannan aiki bayan ɗalibinsa ya ɗiga aidin a fitsarin karen da aka ba kwinin. (Ba kowane ilimi ne ke fitowa daga wuri mai ƙamshi ba.) Sai dai ƙwayoyin ƙanana ne, ga saurin rugujewa, aka yi shekara saba'in da 'yan kai babu wanda ya iya girmar da su.

Edwin Land bai ma gwada girmar da su ba. Saurayi ne da ya ajiye karatu a Jami'ar Harvard ya koma New York yana bincike shi kaɗai, sai ya bi ta bayan gida: ya mai da ƙwayoyin ƙanana ƙwarai, ya jera miliyoyinsu fuska ɗaya a cikin fallen roba. Ya nemi rajistar fasahar a 1929. Burinsa fitilun mota ne, yana son direbobi su daina kashe wa juna ido da dare, kamfanonin mota kuwa har ya mutu ba su karɓa ba. Ruwa ne ya fitar da shi kunya. A 1934 ya kama ɗaki a wani otal na Boston, ya ajiye kwanon gilashi mai kifaye a bakin taga inda rana ke dukansa, ya gayyato wakilan kamfanin American Optical. Suka duba, ba su ga komai ba sai ƙyalli. Ya miƙa musu fallen, suka sake dubawa, sai ga kifi yana yawo. Ciniki ya faɗa. A 1937 aka kafa kamfanin Polaroid, a 1938 kuma Land ya fito da sabon falle na roba da ake miƙewa a rina da aidin, wanda har yau irinsa ne ke cikin galibin tabarau masu tace ƙyalli.

Da aka gama da ƙyalli sai fashewa ta zama abin magana. Gilashi yana da nauyi, kuma a jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa ba a rasa ƙugiya ko darmar fatsa da za ta daki fuska. Robar CR-39, wadda aka yi amfani da ita a tankunan man jiragen yaƙin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga tabarau a 1947. An gano robar folikabonet a 1953, a Jamus da Amurka kusan lokaci guda, ko da yake sai wajen 1980 ya zama ruwan dare a tabarau. Tun 1972 dokar Amurka ta ce dole idon tabarau ya jure ƙwallon ƙarfe da aka sako masa daga tsayin inci 50. A nan ne ƙarko ya rabu gida biyu, kuma bai sake haɗuwa ba: gilashi ba ya saurin karcewa amma yana fashewa, folikabonet yana shan duka amma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana shi. Ni dai a jirgi mai gudu na fi natsuwa da robar. Karce a tabarau ya fi tsini a ido sauƙi.

Illar da ba a gani kuwa, masunta ne suka zama shaidarta. A 1988 Hugh Taylor da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan masu sana'ar ruwa 838 na mashigin Chesapeake a Amurka. Suka samu cewa idan yawan hasken UVB na rana da ido ya sha ya ninka, haɗarin wani nau'in yanar ido yana ƙaruwa da kashi 60 cikin ɗari. Duhun gilashi ba shi ne kariya ba. Baƙin tabarau marar maganin UV ma yana iya zama gara jiya, don ƙofar ido tana ƙara buɗewa a bayansa. Alamar UV400 ce ake dubawa, kuma tace ƙyalli bai wadatar da ita ba.

A wannan tsakanin ne aka fara samun kamfanonin da ruwa ne kasuwarsu tun fil'azal: Maui Jim a Hawai, da Costa Del Mar a Fulorida a 1983. Su gishiri ne abokin gabarsu. Yana cin sukurorin mahaɗa, yana kutsawa ta gefe ya ɗaye fallen da aka manna, idan kuma ya bushe a kan gilashi aka goge da bakin riga, an gama da shafen samansa. Sai firam ɗin nailan ya ture na ƙarfe, mahaɗa ta koma ƙarfe marar tsatsa, ɗauraya da ruwan daɗi kafin gogewa ta zama ƙa'ida. Mai nutso, wanda ba ya shiga ƙarƙashin ruwa da tabarau sai da gilashin nutso, ya fi kowa sanin wannan: nasa yana cirewa da sawa ne da jiƙaƙƙen hannu, tsakanin tukwanen iska masu nauyi, don haka akwati mai tauri ya fi masa kowane ado.

Duk da haka tabarau mafi tsada nutsewa yake yi, tunda gilashi da folikabonet duk sun fi ruwa nauyi. Maganin 'yar igiya ce. Ta kamfanin Croakies ta fara a 1977 daga yankin tsohuwar rigar nutso, a garin wasan ƙanƙara. Ta kamfanin Chums kuma a 1983, daga wani jagoran kwalekwale da ya gaji da ganin tabaran fasinjojinsa suna tafiya ƙasan kogin Kwalarado.

Sabuwar matsalar ta fito ne daga gidan Land. Allunan na'urorin jirgi, na taswira da na auna zurfi, yawancinsu suna ɗauke da irin fallensa, don haka haskensu ma fuska ɗaya yake fitowa. Idan ya saɓa da na tabarau, matuƙi ya ɗan karkata kai sai allo ya yi baƙi ƙirin. Saboda haka hukumar jiragen sama ta Amurka ba ta ba matuƙanta shawarar sa irin wannan tabarau. Matuƙan ruwa ba su iya rabuwa da shi, sai dai kafin su saya su tsaya gaban allon jirginsu da shi a fuska, su karkata kai hagu da dama su gani.