Haɓaka tsohuwar kwamfutar aiki don wasannin bidiyo

Haɓaka tsohuwar kwamfutar aiki don wasannin bidiyo wata hanya ce da masu ƙaramin ƙarfi ke bi don mallakar kwamfutar wasa ba tare da sayen sabuwa ba. Kwamfutar aiki ita ce wadda ake ƙerawa domin injiniyoyi, masu zanen gine-gine da masu tace bidiyo, kamar jerin Z na kamfanin HP, da Precision na Dell, da ThinkStation na Lenovo. Idan ma'aikatu sun sabunta kayansu bayan 'yan shekaru, sukan sayar da tsofaffin da yawa a lokaci guda, farashinsu ya faɗi ƙasa sosai.

Samfuran da aka fi amfani da su

Daga cikin waɗanda suka shahara akwai HP Z420, wadda ta fito a 2012, da magajiyarta Z440 ta 2014, sai Dell Precision T5810. Dukkansu suna ɗauke da furosesan Intel Xeon E5, kuma suna da gurabe 8 na ma'adanar wucin gadi. Z420 tana amfani da DDR3, sauran biyun DDR4. Irin wannan ma'adana ta tsofaffin sabobi ana samunta ta hannu da yawa, shi ya sa ƙara ta bai cika zama matsala ba.

Katin hoto da wutar lantarki

Yawanci waɗannan kwamfutoci suna zuwa ne da ƙaramin katin Quadro na Nvidia, wanda aka tsara don manhajojin zane. Sauya shi da katin GeForce ko Radeon shi ne babban aikin, kuma a nan ne mafi yawan kuɗin ke tafiya.

Sai dai akwatin wuta ne ke yanke hukuncin katin da za a iya sawa. Gurbin PCIe yana ba da wat 75 kacal. Katin da ya fi haka yana buƙatar ƙarin waya: mai fil 6 tana ƙara wat 75, mai fil 8 kuma wat 150. Z440 tana zuwa da akwatin wat 525 ko na 700, kuma na 700 ne kaɗai ke da waɗannan wayoyi. Haka T5810, akwai mai 425 da mai 685. Tun da HP da Dell sun yi wa allunansu mahaɗin wuta na kansu, akwatin da ake saya a kasuwa ba ya shiga sai da adafta. Wanda ya sayi mai ƙaramin akwati yakan tsaya a kan kati irin GTX 1650, wanda yawancin samfuransa gurbin kaɗai ya ishe su. Adaftar da ke jan wuta daga wayar SATA tana da haɗari, domin takan yi zafi har ta narke.

Furosesa

Masu saye sukan ruɗu da yawan cibiyoyi, alhali wasanni sun fi amfana da saurin kowace cibiya. Don haka E5-1650 v2, mai cibiya 6 da saurin gigahaz 3.5, yakan fi wani Xeon mai cibiya 10 ko 12 da ke tafiya a hankali. A Z420 akwai wani tarko: allunan farko ba sa karɓar furosesan v2, sai waɗanda BIOS ɗinsu ke nuna kwanan 2013 a sashen tayarwa.

Furosesan da ke cikin Z420 ba su da umarnin AVX2, wanda Intel ya shigo da shi a 2013, kuma wasu sababbin wasanni ba sa buɗewa sai da shi. Wannan ya sa Z440 ta fi dacewa ko da ta ɗan fi tsada.

Babbar manhaja

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa tana buƙatar TPM 2.0, kuma babu Xeon E5 a jerin furosesan da ta amince da su. Ana iya tsallake wannan sharaɗi wajen girkawa, amma wasanni kamar Valorant suna duba TPM 2.0 da Secure Boot a kan Windows 11 kafin su buɗe. Wasu masu irin waɗannan kwamfutoci sukan koma Linux, inda Proton na kamfanin Valve ke gudanar da wasannin Windows da dama ta cikin Steam.