Fatar Kai Kafin Gashi: Kwatancin Wankin Kai a Japan da Koriya da na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta kula da fatar kai a Japan da Koriya ta Kudu da yadda ake yi a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na kudancin Jihar Katsina. Hujjarta ita ce abin ɗauka daga can shi ne fifita lafiyar fata a kan ƙyallin gashi. Yawan wanki kuwa ya ta'allaƙa ne ga irin gashi da wadatar ruwa.

Tushen al'adar gabashin Asiya

Kafin zuwan masana'antu, matan Japan suna wanke kai da funori, wata ciyawar teku mai yauƙi, su shafa man 'ya'yan itacen tsubaki. Kamfanin Kao ya fitar da shamfunsa a 1932, sannan Merit a 1970 domin maganin amosani. A Koriya, ranar bikin Dano, biyar ga wata na biyar a lissafin wata, mata kan wanke kai da ruwan dafaffen tsiron changpo. A garin Kaesong, cikin shekarun 1930, Yun Dok-jeong tana sayar da man kitso. Ɗanta ne ya kafa kamfanin da ake kira Amorepacific yau, a 1945, wanda ya fitar da shamfun Ryo mai saiwar ginseng a 2008. Wato kayan kaka aka kai ɗakin gwaji, aka auna, aka zuba a kwalba.

A ƙasashen biyu, wankin kai kullum abu ne gama-gari, kuma akwai shagunan da ake duba fatar kai da kyamara kafin a zaɓi abin wanki. Dalili yana ga gashin: miƙaƙƙe ne, maiƙon fata yana gangarowa a jikinsa, kwana ɗaya ya yi danƙo.

Kudancin Katsina

A nan lissafin ya sha bamban. Gashinmu murɗaɗɗe ne, maiƙo ba ya isa bakinsa, ga bushewar hunturu. Mace takan yi tsifa, ta wanke, ta shafa mai, ta je wurin makitsiya, kitson ya kwana bakwai ko fiye. Inda ruwa sai an ja guga ko an saya wurin 'yan garuwa, batun wankin kullum bai ma taso ba, kuma da an yi, karyewar gashi za a samu.

Cikin kayan wankin kai na nan, karkashi ya cancanci a tsaya a kansa. Ana jiƙa garinsa har ruwan ya yi yauƙi yana bin yatsa, a cuɗa a kai. Santsin nan ne ke warware gashi ba tare da mataji ya tsinka shi ba, aikin da funori ke yi a Japan. Ganyen magarya kuma yana ɗan kumfa mai sauƙi. Sabulun salo yana fitar da dauɗa sosai, amma ma'aunin kaifinsa yakan kai 9 zuwa 10, alhali na fatar kai bai wuce kimanin 5.5 ba, shi ya sa kai ke ɗaurewa bayan wanki.

Inda al'adarmu ke buƙatar gyara, a ganin wannan maƙala, shi ne laftar man shanu ko man kaɗanya a tsagar kitso da niyyar kashe amosani. Man yana kwantar da ɓawon ne, ido ya daina gani. Ƙwayar Malassezia da ke tayar da amosani da maiƙo take rayuwa, don haka mai ya fi dacewa da jikin gashi, fata kuma a bar ta da tsabta. Haka kitso mai tsauri, wanda ke cinye gashin goshi sannu a hankali.

Makero

Cikin cututtukan fatar kai, makero ne ya fi damun yara, musamman a tsangayu da makarantun kwana da gidajen da suka cika da 'yan gudun hijira sakamakon hare-haren 'yan bindiga. Yana yaɗuwa ta aska da mataji da hula. Babu shamfu, na Tokiyo ko na Siyol, da ke warkar da shi shi kaɗai, domin ƙwayar tana cikin tushen gashi. Sai maganin sha irin griseofulvin na tsawon makonni bisa umarnin likita, tare da tsabtace askar wanzami tsakanin kai da kai.